Gaiwar Aji Huɗu

Na san ba za ku yarda ba, kuma ba zan rantse ba, don waɗanda suka san ni sun ce rantsuwata rage wa zance nauyi take yi. Amma kifi ne ya hana a yi min canjin wurin aiki. Kifi ɗaya tak, wanda ya yi wata biyu a ƙarƙashin teburina babu ko ɗigon ruwa. Wanda ya ga abin ya fi ƙarfinsa ya tashi ya tafi shan shayi, saura kuma ku gyara zama.

Lokacin ina koyar da aji huɗu a wata firamare a wani ƙauye kan hanyar Guri. Kullum da safe nake tasowa daga Haɗejiya a kan babur ɗina, wanda ƙararsa ke riga ni isa makaranta da kusan minti goma. Bayan ajina akwai wani kududdufi da kogi ke cikawa idan ya yi ambaliya da damina. Mutanen garin kuwa masunta ne, iyaye da kakanni. Da zarar ruwa ya fara janyewa an shiga su, wato kamun kifi, to ajina ya zama kango. A rajista yara sun kusa hamsin, a kan benci kuwa in na ƙirga tara sai in yi hamdala. Ranar da na samu goma sha biyu sai da na leƙa waje, na ɗauka rabon abinci za a yi ban sani ba. Sauran suna can cikin ruwa, kowa ya kwanta da ciki a kan gorarsa, in na wuce su ɗago min hannu kamar ni ne na gudu daga makaranta.

Wata Litinin hedimasta ya kira ni ofis. Mutum ne mai sanyin murya, mummunan labari ma sai ya miƙo maka shi kamar yana ba ka goro. Ya ce an aiko daga ofishin ilimi cewa duk ajin da ba yara za a haɗe shi da na gaba, malamin da ya rage kuma a tura shi inda ake buƙata. Inda ake buƙatar kuwa na san shi. Wani ƙauye ne can bakin iyakar Yobe, inda ruwa ke yanke hanya wata huɗu, waya kuma sai ka hau bishiya kafin ta kama. Ya ce sufeto zai zo kafin ƙarshen shekarar karatu, ranar da ya ga dama, abin da ya gani da idonsa shi zai rubuta.

Da na gaya wa maman yara, ba ta ko ɗago daga tsintar shinkafar da take yi ba. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, duk wanda ta samu zai je can za ta riƙa aiko min da yaji.

Na fara da abin da kowa ke farawa da shi, wato barazanar bulala. Yara taran da ke zuwa suka koma bakwai. Na je wurin Bulama na durƙusa na kai kuka, ya yi min alkawari mai daɗi, ya ce daga gobe ko kaza ba za ta yi yawo a gari lokacin makaranta ba. Muna cikin sallama jikokinsa biyu, 'yan ajina, suka wuce ta gabanmu da homar kamun kifi a kafaɗa, suka gaishe mu da ladabi suka gangara ruwa.

Wadda ta cece ni ita ce Madam, malamar aji biyu. 'Yar Filato ce, mijinta yana aiki a asibitin garin da ke gaba, ta daɗe a makarantar har ta ga an sauya rufin kwano sau biyu, Hausarta kuma ta fi tawa tsabta. Ta same ni a gindin darbejiya na rafka tagumi. Ta ce min yaran nan ba karatu suke gudu ba, ruwa suke bi, in ba zan iya raba su da shi ba to in shigo da shi aji. Washegari ta zo min da takardun buhun siminti da ta yayyanka, da gawayi, da bula ta wanki, da jar ƙasa a gwangwani, har da ruwan zoɓo mai kauri don yin ja.

Na raba wa yara bakwai ɗin takarda na ce kowa ya zana min tarwaɗa. Aji ya yi tsit, irin shirun da ban taɓa samu ba ko ranar jarrabawa. Da na zagaya dubawa sai na ga kowa ya zana zobe. Bakwai ɗin duka. Na ce na ce muku tarwaɗa, wa ya ce ku zana min ƙuli-ƙuli?

Wata 'yar ƙaramar yarinya a benci na gaba ta ɗaga hannu. Ita ce mafi ƙanƙanta a ajin, amma bakinta ya kai na mutum uku, uwarta kuma ita ce babbar mai bandar kifi a garin. Ta ce min ai haka tarwaɗa take, ana lanƙwasa ta a soke wutsiya da kai da tsinke a ɗora a kan wuta. Na ce wadda ke cikin ruwa fa?

"Malam, ai wannan ba a gama ta ba tukuna."

Na ce to a zana kwaɗo. Suka zana min burduddugi huɗu-huɗu a soke a jikin kara, a bushe, yadda ake ɗaure wa 'yan kasuwar da ke lodinsu zuwa kudu. Na ce agwagwar ruwa. Suka zana ta kai a ƙasa, da hannun mutum riƙe da ƙafafunta. Na zauna na dafe kai. Yaran nan ba abin da ba su sani ba a cikin ruwa, amma a wurinsu dabba ba ta cika dabba ba sai ta shirya zuwa kasuwa. Nan take na naɗa yarinyar monita, don na ga in ban ba ta muƙami ba ita za ta karɓe ajin.

Ranar Laraba na kwashe su muka gangara bakin kududdufi, da doka ɗaya: kallo kawai, ba kamu. Kowa hannu a baya. Ban san na ɗora musu azaba ba sai da wata karfasa mai faɗin tafin hannuna ta zo ta yi juyi a gabansu cikin ganyen bado. Wani yaro ya riƙa rawar jiki kamar mai zazzaɓi, hawaye na zubo masa, yana cewa Malam don Allah sau ɗaya. Ban bari ba. Da suka gaji da roƙo sai suka fara gani. Wannan ya nuna min inda karfasa ke share rami a ƙasan ruwa, wancan ya ce uwar tana ɓoye 'ya'yanta a baki in ta ga zalɓe. Na gyaɗa kai irin na wanda ya daɗe da sani. Wallahi ranar na fara ji. Ni ɗan cikin gari ne, kifi a faranti muka saba haɗuwa da shi. Na so in nuna ni ma ba baƙo ba ne, na tuɓe takalmi na taka ruwa, matsattsaku ya kama ni a ƙauri. Gudun da na yi ranar, da a ce ana ba da kambu, da yanzu yana rataye a ɗakina. Monita ce ta biyo ni ta cire shi da ɗan gishiri, tana yi min sannu da murya irin ta uwa.

Dabarar da ta cika min aji kuwa kuskure ne ya haife ta. Na zana tarwaɗa a allo, na yi mata ɓawo a jiki kamar karfasa, na ba ta gashin baki biyu. Yara suka kwashe da dariya har da faɗuwa. Kafin la'asar labari ya gama gari cewa Malam bai san tarwaɗa ba. Washegari sai ga wasu ƙattin yara uku da ban gani ba tun watan Mauludi, ƙafa duk laka, sun tsaya a taga sun zo ganin abin kunya da idonsu. Babbansu ya kasa daurewa, ya shigo ba sallama, ya karɓi alli a hannuna ya goge ɓawon, ya cika mata gashin bakinta takwas. Na ce tunda ka gyara sai ka rubuta sunanta a ƙasa. Ya tsaya yana kallon allin. Na ce to zauna a nan, in nuna maka.

Daga ranar kullum sai na yi ɓarna a allo da gangan. Na yi wa kififiya kunne. Na ba zalɓe ƙafar agwagwa. Na zana guza da ƙaho. Ɗan masunci zai jure yunwa, zai jure bulala, amma ba zai iya kwana ya san akwai ƙarya a kan kifi a rubuce a garinsu ba. Haka suka riƙa zuwa gyara ni, biyu-biyu, uku-uku, ni kuma duk wanda ya shigo sai na rufe shi da aikin rubutu. Na daina faɗa a kan makara. Wanda ya je duba mali, wato tarkon kifi, da asuba ya iso ƙarfe tara, bismilla, wuri na nan.

Madam ta ƙirƙiro mana wasan zalɓe da kwaɗi. Ɗaya zai tsaya da ƙafa ɗaya a tsakiyar fili ya rufe ido, saura su yi ta tsallen kwaɗo suna kuka, in ya buɗe ido duk wanda ya motsa an cinye shi, kuma ba zai dawo wasa ba sai ya faɗi abin da kwaɗo ke ci da abin da ke cin kwaɗo. Ranar da aka sa ni zalɓe ban yi daƙiƙa biyar ba na kife. Lissafi ma a nan muke yi, ƙafafun kwaɗi bakwai nawa ke nan, in zalɓe ya cinye uku saura nawa. Da muka zo kan dodon koɗi Madam ta kawo mijinta ya yi musu bayanin tsargiya, yara maza suka yi ta sunkuyar da kai suna zungurin juna. Bango ya cika da zane tun daga ƙasa har inda hannun mafi tsayi ya kai, kowane da suna a ƙasa, da Hausa da Turanci.

Da rani ya yi nisa gefen kududdufin ya bushe ya tsattsage, sai muka koma ɗibar yumɓu muna gina dabbobi. Wata rana muna haƙa monita ta ce kowa ya tsaya. Ta nuna wani ɗan rami a busasshiyar laka, bai fi a zura babban yatsa ba. Ta ce gaiwa ce a ciki. Ta sa manyan yaran suka yanko wurin a hankali, dunƙule guda kamar tukunyar miya. Niyyarta ta kai wa uwarta. Na roƙe ta ta bar wa aji, ta yarda da sharaɗin aro ne. Muka sa a kwali na tura ƙarƙashin teburina.

Ni fa tun ina yaro nake jin cewa gaiwa na kwana cikin busasshiyar ƙasa har damina ta dawo. Amma na ajiye zancen ne a wurin da nake ajiye sauran labaran masunta, kusa da na kifin da ya ja kwalekwale har Nguru. In yara sun tashi nakan ɗauko dunƙulen in kara a kunne. Shiru. Ƙasa ce dai kamar ta ginin katanga.

Sufeto ya zo wata Talata ba sanarwa, cikin farar shadda, takalmi na ƙyalli, fayil a hammata. Ya tarar da aji maƙil, wasu a kan taga, wasu a ƙasa. Ya ƙirga kawuna sau biyu. Ni har na fara murmushi ina gyara hula. Sai ya bi bango da kallo, ya dubi kwaɗin yumɓu a jere a bakin taga, fuskarsa ta ɗaure. Ya ce wa hedimasta tara yara ba wuya ba ne, mai kalangu ma yana tarawa, shi karatu aka aiko shi dubawa ba wasa ba. In ajin wasa ne to gara a haɗe shi da inda ake karatu.

Ya juya ga yara ya fara tambaya a kan abubuwa masu rai. Suka amsa ta farko, suka amsa ta biyu. Sai ya ce, kifi zai iya rayuwa ba ruwa?

Aji gaba ɗaya, murya ɗaya, suka ce e.

Ya ɗauka ba su ji ba, ya maimaita a hankali. Suka ƙara ce masa e, wannan karon da ƙarfi, har da masu gyaɗa kai don su taimaka masa ya gane. Ya waiwayo ya dube ni, ya buɗe fayil ya fara rubutu, rubutu mai tsawo. Hedimasta ya ɗaga kai yana nazarin rufin kwano. Ni kuwa a cikin idona har na ga bishiyar da zan riƙa hawa ina kiran gida.

Monita ta miƙe.

"Yallaɓai, in ba ka yarda ba, yana nan ƙarƙashin teburin Malam."

Da ƙasa za ta tsage da na shige na ja ta na rufe. Sufeto ya rufe biro ya ce to a fito da shi. Aka jawo kwali. Madam, wadda ke laɓe a bakin ƙofa tun ɗazu, ta aika aka ɗauko bahonta aka ciko shi a famfo. Yaran suka kewaye dunƙulen suna ɓantararsa da cokali a hankali, har wani abu ya bayyana, baƙi, a naɗe, a cikin wata busasshiyar fata. In ka gan shi a hanya za ka ce tsohon silifa ne. Suka sa shi a ruwa ya nutse ya kwanta.

Minti biyar. Minti goma. Sufeto ya duba agogo. Ban taɓa sanin hedimasta yana ƙaunata ba sai ranar, don shi ne ya matso ya ce ranka ya daɗe an ɗan dafa abinci a ofis, kada ya huce. Ya ja shi suka fita. Daga baya na ji har labarin auren 'yarsa ya ba shi tun daga gaisuwar farko, don dai a ci lokaci.

Ni na tsuguna gaban baho ina karanto duk addu'ar da na haddace, har da ta shiga kasuwa. Yaran ko a jikinsu. Wasu ma sun koma zane. Na raɗa wa monita cewa in wannan abu matacce ne ta gaya min tun yanzu in san inda zan sa kaina. Ta leƙa, ta taɓa shi da ɗan yatsa, ta ce fatar ta fara saki, in daina hura masa numfashi.

An fi awa ɗaya kafin sufeto ya dawo, yana sakace, makullin babur a hannu. Kana ganinsa ka san ya gama yanke hukunci, sallama kawai ya zo yi. Ya sunkuya kan bahon don ya yi kallon ƙarshe. Silifan nan ya warware. Ya miƙe a hankali, ya yi tsawon kamu guda da ɗoriya, ya taso saman ruwa ya buɗe baki ya ja iska da wani ɗan sauti kamar gyatsa. Sannan ya kaɗa wutsiya sau ɗaya, ruwan laka ya wanke gaban farar shadda tun daga wuya har aljihu.

 Na ce a raina shi ke nan, da iyakar Yobe ce, yanzu kam sai Nijar.

Sufeto ya dubi rigarsa, ya dubi baho. Sai ya tattare shaddar ya tsuguna a ƙasa cikin yara, ya ce a gaya masa yadda aka yi gaiwar take numfashi a cikin ƙasa. Nan fa aji ya ɓarke. Wannan na ja masa hannu zuwa bango ya ga zanen ramin da 'yar ƙofar iska, wancan na bayanin yadda take lulluɓe kanta da yauƙi in ruwa ya ƙafe. Ƙaton yaron nan da ya taɓa tsayawa yana kallon alli ya fita ya rubuta gaiwa a allo, ya ƙara da sunanta na Turanci da Madam ta nemo mana a waya, ba kuskure ko ɗaya. Sufeto ya ciro waya ya ɗauki bidiyo. Ya ce shi ma ɗan birni ne, ya sha cin gaiwa a miya, bai taɓa sanin abin da yake ci ba. Ya buɗe fayil a gabana ya ja layi biyu a kan dogon rubutun nan, ya juya sabon shafi. Ya ce aji huɗu ya tsaya yadda yake, malaminsa ya tsaya, kuma a shirya zai turo malaman wasu makarantu su zo su gani.

Bayan ya tafi aka yi ƙuri'a a kan gaiwar, a kai ta kogi ko a kai ta tukunya. Kogi ya ci da ƙyar. Monita tukunya ta zaɓa, ta ɗaga hannu biyu ma, kuma har muka kai baho bakin ruwa tana tuna min cewa aro ne.

Na shiga Haɗejiya da yamma ina danna hon tun daga bakin gada. A gida ban ko cire hula ba na fara ba maman yara labari. Na gaya mata yadda na tsara komai tun farko, yadda na karanci halin gaiwa na san daidai lokacin da za ta farka, yadda sufeto ya riƙe hannuna yana neman shawara. Kifin ma a bakina ya kai tsawon tabarma. Na ce mata ta gode wa Allah da ya ba ta miji mai tayar da abin da ya yi wata biyu yana barci.

Ta sauke tukunya, ta goge hannu a zani, ta dube ni.

"Ita dai gaiwar sau ɗaya aka zuba mata ruwa ta tashi. Kai shekara nawa ina yayyafa maka da asuba kana juya min baya?"